Kafin mu yanke wa furosesa hukunci

A Nima da Sabon Zango, da zarar wasan kwamfuta ya fara sarƙewa, sai samarinmu su ɗora wa furosesa laifi. A ganinmu gaggawa ce. Sau tari ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafi ya tilasta mata rage gudu. Mu share tukuna, mu sabunta man sanyaya.

Amma idan furosesa na aiki iya ƙarfinta alhali katin hoto na zaman kashe wando, lokaci ya yi. Mai soket AM4, wanda AMD ta fitar a 2016, ya bincika ko allonsa zai karɓi Ryzen 5 5600 bayan sabunta BIOS. Komawa AM5 kuwa na buƙatar sabon allo da RAM na DDR5, sidin da zai iya zama jarin ƙaramin shago.