Launin fuskarmu a hannun masu koyon kansu

Akwai maganar da ake yawan jifar matasan da ke ɗaukar fim da ita a Maraɗi da Damagaram da Kano: wai ba su yi makarantar abin ba, a intanet suka tsinci sana'ar. Ni wannan zargi bai taɓa damuna ba. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, bakanike ne kafin ya riƙe kyamara. Da hannunsa ya fara zana hotuna yana haska wa jama'a, sannan ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga baya ya je Kanada wajen Norman McLaren. Oumarou Ganda kuwa tsohon soja ne da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. Babu wanda ya tambaye su takardar shaida.

Abin da ke damuna shi ne launin fuskokin da muke gani a finafinan yau.

Kyamarorin zamani sukan ba da hoto a dushe, kamar tufafin da ya sha wanki. Sai an gama ɗauka ne mai gyaran launi zai zauna gaban kwamfuta ya daidaita haske da duhu, ya ƙara ja a nan, ya rage shuɗi a can. Manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in da ake saukewa kyauta, darussa kuma ga su birjik a YouTube, don haka ƙofa a buɗe take ga duk mai naci. Sai dai yawancin fuskokin da ake gwaji da su a waɗannan darussa na Turawa ne. Matashi ya sauko da haɗin launin da wani ya tsara domin farar fata da hasken ƙasar sanyi, ya ɗora wa fuskar ɗan wasansa, sai ta koma ruwan toka ko ta yi jawur kamar an shafa mata manja. Don ya gyara, sai ya yi ta ƙara haske har amarya wankan tarwaɗa ta fito fara sol. Ba na cewa fim ne ya kawo mana man bilicin, amma yarinyar da kullum take ganin haka a waya tana koyon wani abu game da tata fatar.

Matsalar ta girmi intanet. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake auna ko launi ya fito daidai. Sai a shekarun 1990 aka samu kati mai mata masu launin fata iri-iri.

A nan ne nake ganin ɗalibin Hausa yana da abin cewa. Harshenmu ya bambanta baƙi da baƙi wuluk, ya san wankan tarwaɗa, ya san ja da fari, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake kuskure ne da za a gyara. Ya san hazon hunturu ba ɗaya yake da lumshin damina ba, hasken hantsi kuma ba shi ne na la'asar sakaliya ba. Wanda yake da waɗannan kalmomi a baki ya riga ya fara ganin abin da darasin waje bai nuna masa ba. Babu Baturen da zai koya maka yadda za ka haɗa dattijo baƙi da farar shadda mai ƙyalli a hoto ɗaya da tsakar rana, ba tare da rigar ta ƙone ko fuskar ta ɓace ba. Wannan sai ka kai shi inuwa, ka auna haskenka a kan fuskar, ka maido mata da rana da farin allo.

Da zan ba mai koyon kansa aikin gida, cewa zan yi ya ɗauki mutum goma na gidansu, da hantsi da azahar da la'asar, ya gyara launin, sannan ya nuna wa mahaifiyarsa. In ta ce, “Wannan kuma yaushe Hadiza ta yi fari haka?” to ya koma gaban kwamfuta.