RA'AYINMU: A ƘYALE MAI SON KEƁEWA

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati na birnin Katsina. Da zarar an ga mutum ya zame daga majalisar hira ya nemi gindin darbejiya shi kaɗai, sai a laƙaba masa suna, a ce miskili ne ko mai girman kai. In abin ya yi nisa har a fara raɗa cewa iska ce ta taɓa shi.

Mun san mafarin wannan. Bahaushe a cikin taro ya tashi, a zaure ake cin tuwo, zumunta kuwa a ƙafa take. Amma kada mu manta kakanninmu sun san halwa, mu ma muna ganin masu i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, ba wanda ya taɓa kiransu miskilai. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ina zai iya jera waɗannan alƙaluma in ana zuba masa surutu a ka?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bin diddigin al'amarin. A 1921, Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya bayyana cewa hankalin wasu mutane waje yake fuskanta, na wasu kuwa ciki, kuma babu wanda yake cuta a cikin biyun. Likitan yara Donald Winnicott na Ingila ya ƙara da cewa, a 1958, iya zama kai kaɗai alama ce ta cikar hankali, kuma yaro yana koyon sa ne tun yana wasa a gefen mahaifiyarsa cikin kwanciyar rai. Abin kuwa ba sauƙi ne da shi ba. A wani gwaji da aka buga a 2014, masu bincike na Jami'ar Virginia ta Amurka sun bar mutane su kaɗai da tunaninsu na kamar minti 15, sai ga yawancin mazan sun gwammace su jona wa kansu lantarki da su zauna shiru! To, wa ya kamata a yi wa dariya?

Duk da haka akwai kaɗaicin da yake ciwo ne, kuma lalle mu iya bambance su. Mai son keɓewa yakan komo cikin jama'a da walwala, ya ci abincinsa, ya shiga aji. Wanda ya daina wanka da cin abinci, barci ya ƙaurace masa, yana maganar ya gaji da duniya, wannan a zauna da shi, a raka shi wurin likita, kada a tsaya jiran ya nema.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su tsayar da lokacin shiru a ɗakunan kwana, daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba, a kashe amon wayoyi ko a sa abin kunne. A kuma roƙi hukumar makaranta ta ware ɗaki guda inda ba a lacca, ba a taro, ba a tambayar mutum me ya kawo shi. Ku ma ƙananan ma'aikata, in abokin aikinku ya ɗauki hutunsa na azahar shi kaɗai, ku gaishe shi ku wuce.