A Bar Mai Raunin Gani Ya Ƙara Girman Rubutu A Kwamfutocin Haɗaka



A ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyin koyo, masu kula da na'urorin sukan kulle saitin allo gaba ɗaya. Suna da hujja. A Windows, idan mutum ɗaya ya canza rezolushan, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo, canjin yakan zauna wa duk wanda ya zo bayansa. Allon da aka ƙera a kan 1366 da 768, in aka sauke shi zuwa 800 da 600, sai rubutu ya yi dishi-dishi, wasu wuraren dannawa su ɓace a gefe, malami ya bar darasi ya koma gyara.

To amma kulle komai yana cutar waɗanda ba su da laifi. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da idonsa ke da rauni, kuma babu kwamfuta a gidansu, a irin waɗannan ɗakuna kaɗai yake atisaye. In yana manna fuska da allo kafin ya karanta tambaya, lokacinsa ke tafiya, ga ciwon kai. Haka dattijon da ya zo cike fom a intanet.

Abin da suke buƙata ba rezolushan ba ne, girman rubutu ne, kuma Windows ta raba su. Ana iya ɗaga girman abubuwan allo zuwa kashi 125 ko 150 ba tare da hoto ya lalace ba. A shafin intanet, danna Ctrl da alamar + yana ƙara girma, Ctrl da 0 ya mayar da shi yadda yake. Maɓallin Windows da + kuma yana buɗe madubin ƙara girma.

Shawarata ga masu cibiyoyi: ku kulle rezolushan in kun ga dama, amma ku buɗe saitin girman rubutu, ku manna takardar bayani a bango. Mai tsoron ɓarna ya sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna.

Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin horo, ku tambayi yaronku ko yana ganin rubutun sosai. Yara da yawa kunya ke hana su faɗa.

Allah ya ba yaranmu sa'a.