Dutsen Nimba: dokar da ke ganin hauya, ba ta ganin katafila

A can kudu maso gabashin ƙasar Gine, inda iyakarta ta haɗu da ta Laberiya da ta Kodebuwa, akwai wani jerin duwatsu mai tsawon kimanin kilomita 40 da ake kira Nimba. Ƙololuwarsa ta kai mita 1752. Gindinsa kurmi ne mai duhu, samansa kuwa fili ne na ciyawa, wanda hazo ke lulluɓewa duk tsawon damina. Daga haƙarƙarinsa maɓuɓɓugai fiye da 50 ke fitowa, su gangara su shayar da kogunan ƙasashe uku. Tun 1944 Turawan mulkin mallaka na Faransa suka mai da shi gandu mai tsananin doka: ba noma, ba farauta, ba saran itace, ko shiga ma sai da takarda. A 1981 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Gine cikin jerin wuraren gadon duniya, a 1982 ta haɗa da ɓangaren Kodebuwa.

Sai dai Allah ya jarrabi wannan dutse da wani abu guda: cikinsa tama ce, kuma tama mai kyau, wadda ƙarfen da ke cikinta ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Daga nan rigimar ta taso.

Abin da nake so in faɗa ba mai tsawo ba ne. Iyakar gandun da take tsayawa ƙyam a gaban talaka mai hauya da tarko, amma take ja da baya in ta hango kampani da katafilarsa, ba iyaka ba ce, ciniki ne ba a gama ba. Kuma waɗanda ke kare wannan ɗabi'a da sunan ci gaba, su ne ya kamata a tuhuma, ba masu kuka a kanta ba.

Mu duba yadda aka yi. A 1992 UNESCO ta sa Nimba cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, sabili da dalilai biyu: shirin haƙar tama a ɓangaren Gine, da kwararowar ƴan gudun hijirar yaƙin Laberiya. Shekara guda bayan haka, a 1993, aka aika masana su duba, sai aka fito da magana cewa wai tun farko kuskure aka yi wajen zana taswirar da aka miƙa, wurin da tamar take bai kamata a ce yana ciki ba. Aka yanke hekta 1550 aka fitar, aka bar hekta 17,540 a matsayin gadon duniya. Jama'a, wane irin kuskure ne wannan mai wayo, da bai faɗa kan fadama ko kan kwazazzabo ba, sai daidai kan tudun da ƙarfe yake? Ni dai ban taɓa jin an gano kuskuren taswira wanda ya mayar wa manomin Lola gonar kakansa ba. Tabarmar kunya ce, da hauka ake naɗe ta.

Za a ce mini hekta 1550 ba komi ba ce a cikin dubu goma sha tara. Mai wannan magana yana auna dutse kamar yadda ake auna gonar gero, ya ga an rage kunya goma ya ce da sauran casa'in. Dutse ba haka yake ba. Abin da ya sa Nimba ya zama Nimba yana can sama ne, a kan siririn doron da iska da hazo ke bugu, kuma a kan wannan doron aka yi yankan.

A nan wani ɗan kwaɗo yake zaune, wanda bai wuce girman gaɓar yatsa ba. Masana sun bayyana shi ga duniya a 1943. Kowa ya san kwaɗo ƙwai yake zubawa cikin ruwa, ƙwan ya zama talibambam, talibambam ya yi ƙafa ya fito tudu. Wannan bai bi hanyar danginsa ba. Macen tana ɗaukar ciki wata tara, kamar ɗiyar Adam, tana ciyar da ƴaƴan daga jikinta, sannan ta haife su da ransu, da ƙafafunsu, a farkon damina. Yawancin watannin cikin nan a ɓoye take yin su cikin tsagar dutse, tana jiran rani ya wuce. Ba ya zama sai a ciyawar da ke sama da mita 1200, kuma duk faɗin duniya babu inda ake samunsa sai a kan wannan dutse. In aka fasa doron aka loda shi cikin jirgin ƙasa, babu wani wurin da za a ce masa ya ƙaura.

Na san dariyar da wannan ke jawowa. "Ƙasa tana fama da talauci, yara ba makaranta, mata na mutuwa wajen haihuwa, kai kana yi mana wa'azin kwaɗo?" Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ba a kaina ya kamata a fara amsa ta ba, domin an riga an gwada abin, a kan dutsen nan kansa, a ɓangaren Laberiya.

Daga 1963 kampanin LAMCO, wanda ya haɗa jarin Suwidin da Amurka da gwamnatin Laberiya, ya shiga haƙar tamar Nimba. Aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har tashar ruwa ta Bukanan, aka gina garin Yekepa da asibiti da makarantu da wutar lantarki, har ana kwatance da shi. Shekara 26 ana kwasa. Zuwa 1989 tama mai kyau ta kusa ƙarewa, kuma a watan Disamba na shekarar yaƙin basasa ya ɓarke daga wannan jiha ta Nimba. Turawa suka tattara nasu ya nasu, aka wawashe garin, daji ya shiga ɗakuna. Inda ƙololuwar dutse take a da, sai wani makeken rami cike da ruwa. Ƙarfen yana can cikin gadoji da motocin wasu ƙasashe. To, ina makarantun da aka ce kwaɗo ne ke hana ginawa? A can babu wanda ya saurari kwaɗo, an fasa dutsen yadda ake so. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Kuma Gine ba ta rasa abin haƙa ba. Tun 1973 ake fitar da ma'adinin sanholo daga yankin Boke, amma a 2017 mutanen Boke sai da suka fito kan titi suna neman ruwan sha da wuta, har aka rasa rayuka. Ga duwatsun Simandu, waɗanda tamarsu ta ninka ta Nimba nesa ba kusa ba. Ƙasar da ke da waɗannan, in talakanta bai ƙoshi ba, ba ƙarancin rami ne ya hana shi ba.

A 2003 gwamnatin Gine ta ƙulla yarjejeniyar haƙar wannan yanki da aka yanke da wani gungun kampanoni, cikinsu har da Areva, sunan da ba sai an yi wa ɗan Nijar bayaninsa ba. A 2019 hannun jarin ya koma ga wani kampanin Amurka mai suna HPX. Masu jari suna canzawa, alƙawarin bai canza ba: za a yi aikin cikin tsabta, za a yi bincike, ba abin da zai taɓa gandun. Ta yaya ake fasa tsakiyar ƙwarya a ce gefenta zai riƙe ruwa? Ƙurar nakiya ba ta san iyaka ba, jan laka da ruwan sama zai wanko daga ramin ba ya tsayawa ya nemi takardar shiga.

Wani abin mamaki, a 2021 masana suka ba da labarin wani sabon jemage mai launin ruwan goro, wanda ba a taɓa sani ba, da aka samu cikin tsofaffin ramukan da masu neman tama suka haƙa suka bari. Ke nan har yau ba a gama ƙidayar abin da ke kan dutsen ba, amma an gama ƙidayar kuɗin da ke ƙarƙashinsa.

Kada masu kare daji su ɗauka na wanke su. Su ma suna da nasu kason. A ƙauyen Bosu, ƴan kilomitoci daga gandun, akwai wasu birai shimfanze da suka yi suna a duniya domin suna ɗora ƙwarar kwakwar manja kan dutse su fasa ta da wani dutsen, uwa tana yi ɗa yana kallo har ya koya. Masana daga Japan suna bin su tun 1976. Amma ba masanan suka raya su ba, ba kuma dokar 1944 ba. Mutanen Manon ne, waɗanda ke ɗaukar biran nan tamkar kakanninsu, suka bar musu tudunsu tun kafin Bature ya zo. Duk da haka garken ya yi ta raguwa: gonaki da hanyoyi sun raba shi da kurmin Nimba, a 2003 wata annobar mura ta kashe biyar. A 2024 wani biri ya kashe jaririya, mutanen gari suka fusata suka farfasa cibiyar binciken. Wanda ya yi mamakin wannan fushi bai san abin da ake nufi da zama kusa da gandu ba. An hana ka noma inda ubanka ya noma, an kama ɗanka da naman daji an ci shi tara, dabba ta ɓata maka gona ba mai biyanka, sannan ka ɗaga kai ka ga motocin kampani suna hawa dutsen da aka ce maka haramun ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk mai son mutanen nan su girmama iyaka, sai ya fara nuna musu cewa iyakar tana kama babba kamar yadda take kama ƙarami.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa wannan rigimar mutanen kurmi ce. A shekarar da aka sa Nimba cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, 1992, a ita aka sa gandunmu na Ayar da Tenere. Namu dalilin tawaye ne, ba tama ba. Amma abin da ya fi kama da na Nimba yana arewa maso gabas da Damagaram. A 2012 gwamnatinmu ta kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, duniya ta tafa mana. A nan ne mafakar ƙarshe ta dabbar hamadan nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks, wadda masu ƙidaya suka bi ta sama da ƙasa a 2016 ba su ga fiye da uku ba. A watan Yuni na 2019 taron majalisar ministoci ya sake zana iyakar, ya fitar da kusan rabin gandun, daidai inda filayen man kampanin CNPC suke, daidai kuma inda dabbar ke kiwo. Daga baya an ƙara wa gandun wasu filaye ta wani gefe domin lissafi ya cika. Lissafi ya cika a takarda, sai dai ba wanda ya kai wa adaks takardar.

Ban ce kada a haƙa komi ba. Ƙasa tana da haƙƙin cin arzikin da ke cikinta. Abin da na ƙi shi ne a yi doka da safe a karɓi yabo da tallafi, da maraice a gyara taswira a asirce. In gwamnati ta ga wuri ya fi amfani a matsayin rami, ta fito fili ta faɗa, ta kai maganar gaban ƴan majalisa da sarakuna da mazauna wurin, ta bayyana nawa za a samu, wa zai karɓa, shekara nawa za a yi, da wanda zai cike ramin ranar da kampani ya tafi. Mutanen Akokan, inda Cominak ta rufe a 2021, suna da abin cewa game da wannan tambaya ta ƙarshe, kuma ya kamata mutanen Lola su ji daga bakinsu kafin a sa nakiya ta farko.