Hoto ma da awonsa



Ƴan kasuwar Yamai da dama, tun daga masu shadda na Babbar Kasuwa har masu kayan gini na Katako, sun biya kuɗi an gina musu shafi a intanet domin tallar hajarsu. Madalla. Sai dai shafi nawa ne mai saye ke iya buɗewa da salularsa ba tare da megarsa ta ƙare ba?

Ga lissafin. Salula mai kyau tana ɗaukar hoto mai faɗin ɗigo 4000, nauyinsa kusan mega 4. In an jera irinsa 20 a shafi guda, mega 80 ke nan kafin a yi maganar farashi. Alhali fuskar yawancin salulolin da ke hannun jama'a ba ta wuce ɗigo 720 ko 1080 a faɗi ba. Rarar duk asara ce: ido bai gan ta ba, amma Airtel ko Moov ko Zamani sun cire kuɗinta. Mai saye da ke Tawa ko Gaya, inda rezo ke zuwa yana komawa, zai rufe shafin ya kira wani ɗan kasuwa.

Mai gina shafin zai ce da kai aikinsa na zamani ne, yana miƙewa a kwamfuta, yana tsukewa a salula. Gaskiya ne, tun 2010 wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya raɗa wa wannan dabara suna. Amma tsuke hoto a ido bai rage masa nauyi ba, kamar yadda naɗe turmin atamfa ba ya mai da shi yadi biyu. Sai an yanka. Abin da za ka nema shi ne kowane hoto ya zo awo uku, misali ɗigo 400, 800 da 1600, salula ta ɗauki daidai da ita. WordPress na yin haka da kansa tun 2015, in an bar shi. Hoto mai ɗigo 800 da aka matse da kyau, goma irinsa ba su fi mega guda da yawa ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Mai sayen shadda yana son ganin zanenta da ƙyallinta. A ba shi ƙaramin da farko, in ya taɓa babban ya buɗe. Asalin hoton kuwa a adana shi, don abin da aka rage ba ya komawa.

Ma'aikatan gwamnati, ku ma da ku nake. Sanarwa ko sakamakon jarrabawa da aka ɗauka a hoto shafi-shafi aka ɗora, ɗan takara zai kashe kuɗin abincinsa yana neman sunansa. A sa rubutun a rubutu: ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ana iya laluben suna a ciki.