Kuɗin kifi ba almubazzaranci ba ne

Yau zan kare kaina ne. Labari ya iso ni cewa tun da aka ga hotona a shagon kifi, Yaya Babba yake cewa ana turo mini kuɗin karatu ina kai wa masu gashi. Yaya, Allah ya huci zuciyarka, ka saurare ni.

Shagon ƙarami ne, tsakanin unguwarmu Hayyus Sabi'i da babban filin wasan ƙwallo na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1960 zamanin Jamal Abdunnasir. Teburori ne kaɗan, sai kifi shimfiɗe a kan ƙanƙara. Kai za ka nuna wanda kake so, a auna a gabanka, a tambaye ka gashi ko suya. Karfasa suke kira bulɗi, ita ce ta talaka, kuma yawancinta ta kiwo ce daga yankin Kafrus Shaikh, domin Masar ce kan gaba a kiwon kifi a duk Afirka. Sukan turbuɗa ta a dusar alkama su gasa har bayan ya yi baƙi, ka ɓare ka tarar da tsoka fara tas. Ana kawo ta da shinkafar sayyadiyya mai soyayyar albasa, da gurasa, da ɗahina ta riɗi, da lemon tsami.

Jatan lande kuwa, gambari a bakinsu, ya fi ƙarfin aljihuna sai jefi-jefi. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi.

To ga hujjata. Da yawa daga cikinmu ɗaliban Azhar daga aji sai ɗaki, mu tuƙa tuwonmu, mu yi hira da Hausa. Mutum ya shekara huɗu yana i'irabi kamar ruwa, amma direban mikrobas ya yi masa magana ya tsaya yana zare ido, saboda Larabcin littafi daban, Ammiyyar titi daban. Ni a shagon nan na koye ta. Ranar da Ahli ko Zamalik ke wasa wurin cika yake, dole ka raba tebur da wanda ba ka sani ba, kuma Bamisire ba ya iya cin abinci shiru.

A 2019, daren da Aljeriya ta fitar da Nijeriya da ci 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a wannan filin, da bugun tazarar Riyad Mahrez ana dab da tashi, can muka tafi jiki a sanyaye. Wani dattijo a teburinmu ya yi ta ba mu haƙuri, yana cewa su da suke masu masauƙi tun zagaye na biyu Afirka ta Kudu ta kore su. Shi ne daga baya ya tsaya mana wajen mai gida muka samu ɗakin da muke ciki yanzu. Da a ɗaki na zauna, ina zan gan shi?

Gaskiyar Yaya ɗaya ce: kuɗin nan da gumi aka samo su, kuma komai ya yi tsada a Masar tun da fam ya faɗi. Shi ya sa sau biyu kawai nake zuwa a wata, mu uku mu haɗa kuɗi, sauran kwanaki wake da gurasa ne. Amma ƙanenmu da zai zo baɗi, kada ku ce masa ya kulle kansa a ɗaki. Ku ware masa kuɗin kifi a cikin na karatu.

A gaida Baba da yara. Sai na ji daga gare ku.

Naku a Alƙahira.