Littafi nagari malami ne

A shekarar 1903, wani saurayi ɗan Indiya, Ramanujan, ya samu aron littafin lissafi na Carr, mai ƙunshe da ƙa'idodi wajen 5000, yawancinsu ba cikakken bayani. Ya duƙufa da allo, yana binciko hujjarsu da kansa. A 1914 jami'ar Kambirij ta Ingila ta buɗe masa ƙofa.

Ke nan lissafi mai zurfi da fizik suna koyuwa ko ba malami, muddin ɗalibi ya warware kowane aiki da hannunsa, daki-daki. Amma mai himma ba littafi, manomi ne ba hauya. Wajibi ne hukumomi su wadata ɗakunan karatu da littattafai nagari, kada baiwar ƴaƴan talakawa ta salwanta.